Shasin Bature, Bodin Kafinta

Da zarar damina ta ɗauke a ƙasar Malumfashi, aka shiga karyar masara da yankan dawa, hanyoyin da suka ratsa Karfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita sukan cika da wata irin mota da ba a taɓa ganin hotonta a tallar wani kamfani ba. Kanta da injinta da shasinta an ƙera su ne a Turai ko Asiya, shekaru masu yawa da suka wuce. Bayanta kuwa aikin gida ne: wani kafinta ko mai walda ne ya auna, ya yanka, ya huda, ya ɗaure da noti a wani fili a bakin titi, sannan mai fenti ya zo ya zana mata ɗawisu ko zaki ko mahayin doki, ya rubuta addu'a a goshinta. Ita ce ke kwashe buhunan masara da dawa da waken suya daga bakin gona zuwa Funtuwa da Ɗandume, daga can kuma zuwa Dawanau a Kano ko zuwa kudancin ƙasa.

Mai ƙaramar mota idan ya iske ta a gabansa tsaki yake yi. Jami'in hanya kallon abin tuhuma yake mata. Masu tsara manufofin masana'antu kuwa ba su ma sanya ta a lissafi, domin a wurinsu sana'ar mota tana farawa ne daga babbar masana'anta mai rufin kwano da aka buɗe da yanka ƙyalle. Wannan raini kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Ɗora bodi a kan shasi shi ne ɓangare guda na ƙera mota da ya zauna daram a hannun 'yan ƙasa, kuma barin sa ba tsari, ba horo, ba ma'auni, yana cin dukiyar manoma da rayukan matafiya. Hanya mafi sauƙi ta gane darajarsa ita ce a duba yadda wannan sana'a ta kasance a ƙasar da shasin farko ya fito.

A Ingila, kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya je sayen Rolls-Royce ko Bentley ba a ba shi cikakkiyar mota. Kamfani yana sayar masa da shasi ne kawai, wato firam ɗin ƙarfe da inji da giya da tayoyi da sitiyari. Daga nan sai ya kai wa maginin bodi, su zauna su tsara tsawonta da yawan ƙofofinta da irin kujerunta. Waɗannan magina jikokin masu ƙera keken doki ne. Gidan Barker ana danganta kafuwarsa da shekarar 1710, tun kafin a yi mafarkin injin fetur. Akwai Hooper, da H. J. Mulliner, da Park Ward, da Vanden Plas. Aikinsu na asali aikin kafinta ne: su haɗa ƙwarangwal da wani itace mai ƙarfi da lanƙwasuwa da Turawa ke kira ash, sannan su lulluɓe shi da farantin alminiyam da aka bubbuga da hannu, ko da wani yadi mai kama da fata domin rage nauyi.

Motocin tsere ma haka aka yi su. Bentley ta lashe gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa sau biyar kafin yaƙi, a 1924 da kuma daga 1927 zuwa 1930, kuma yawancin motocinta na tsere na wancan zamani suna ɗauke ne da bodin Vanden Plas, katako a ciki, yadi a waje. Bayan yaƙi, wasu kamfanonin Ingila suka riƙa tura shasinsu Italiya. A 1960 gidan Zagato da ke Milan ya fara ɗora bodin alminiyam a kan shasin Aston Martin DB4 GT. Guda 19 kacal aka yi a wancan karo, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a Ingila a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 10. Abin da mai sayen ya biya wa wannan kuɗi, mafi yawansa, aikin hannun mai bugun ƙarfe ne.

Sana'ar ta mutu a can saboda dalilin fasaha. A 1946 Bentley ta fito da Mark VI da bodin ƙarfe wanda injin matsa ƙarfe ya buga iri ɗaya, ba sai an je wurin magini ba. Sannu a hankali aka koma ƙera ƙananan motoci ta yadda bodin kansa shi ne ƙashin bayan mota, babu wani shasi dabam da za a ɗora wa komai. Hooper ya daina wannan aiki a 1959. Rolls-Royce ta haɗiye Park Ward da Mulliner, kuma a 1965 ta fito da Silver Shadow wadda ba ta da shasi na dabam. Abin da ya rage sai ɗaiɗaiku, irin kamfanin Morgan da ke garin Malvern, wanda har yau yake haɗa ƙwarangwal ɗin bodinsa da katako. Babbar motar kaya kuwa ba ta bi wannan hanya ba. Har gobe a kan dogayen ƙarafa biyu take tsaye, masu kama da tsani kwance, kuma duk wanda ya iya awo zai iya gina mata baya. Shi ya sa sana'ar da ta koma gidan tarihi a Landan take raye a ƙasar Hausa.

Yadda ta iso yankin Funtuwa labari ne na auduga. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta mayar da kudancin lardin Katsina ɗaya daga cikin manyan rumbunan audugarta, ta kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Reshen jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Amma dogo bai je Malumfashi ba, balle Karfi. Audugar da aka auna a fuloti dole ta hau wani abu kafin ta ga jirgi. Da fari jakuna ne da takarkarai da raƙuma, daga baya mota ta karɓe su. Kamfanonin Turawa sun lura cewa ɗauko cikakkiyar babbar mota a jirgin ruwa asara ce, domin bodi fanko ne mai cin wuri. Sai suka riƙa kawo shasi da kai, Bedford da Austin da Morris da Leyland, a bar wa kafintocin ƙasa sauran aiki. Daga 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa da ke Legas, ƙarƙashin wani reshen kamfanin UAC. Daga baya Marsandi 911 ta zo ta mamaye hanya, amma tsarin bai canza ba: inji na baƙo, jiki na ɗan gida.

Wannan ba a Nijeriya kaɗai ya faru ba. A Sudan maƙera sun sake fasalin Bedford har ta zama motar ratsa hamada da suke kira sifinja. A Pakistan an mayar da ita allon zane mai tafiya, wanda a yau ake kai shi baje kolin fasaha a ƙasashen waje. A yankin Funtuwa kuwa direba ya zama mutum mai daraja, har Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zaman garin shekaru masu yawa, ya sanya direbobi cikin mutanen da ya wasa. Kafintan da ya gina motar ne kawai ba a tuna da shi ba.

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin waje domin kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motoci na NTM a Kano tare da Fiat. An zuba musu kuɗi da kariyar haraji. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, yawancinsu suka durƙushe ko suka koma aiki jefi-jefi, domin kusan kowane ɓangare na motar daga waje ake sayo shi da kuɗin waje. Kamfanin Bedford kansa ya daina ƙera manyan motoci a Ingila a wannan tsakani. Maginin bodi na bakin titi, wanda ba a taɓa ba shi rance ko fili ko kariya ba, shi ne ya rage a tsaye. Dalili a fili yake: kayan aikinsa na gida ne, kasuwarsa ta gida ce, iliminsa kuma yana kansa. Duk manufar masana'antu da ta tsallake wanda ya rayu ta koma neman tayar da wanda ya mutu, ta bar jaki tana dukan taiki.

Akwai kuma hikimar injiniya a cikin bodin katako, wadda masu raina shi ba su tsaya sun duba ba. Hanyar ƙauye ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Idan tayar dama ta faɗa rami, ta hagu tana kan tudu, shasi yakan murɗe kaɗan sannan ya dawo, kuma da gangan aka ƙera shi haka. Katako da aka ɗaure da noti yana bin wannan murɗewa, ya yi ƙara, ya koma mazauninsa. Bodin ƙarfe da aka yi wa walda ƙam ba ya bi, sai ya tsage a bakin walda ko ya gajiyar da shasin. Idan allo ɗaya ya karye, kafintan kowane gari zai cire shi ya sa wani kafin la'asar. Katako ba ya ɗaukar zafin rana kamar farantin ƙarfe, kuma tazarar da ake bari tsakanin allunan tana shigar da iska, abin da ke da amfani ga shanu da albasa da tumatir. Takin zamani da fitsarin dabbobi, waɗanda ke cinye ƙarfe da tsatsa, ba sa yi masa wannan saurin lahani. Yana da nasa aibi, domin gara da ruwa suna cin sa, kuma katako mai ƙwari na kurmi ya yi tsada har masu motoci da yawa sun koma ƙarfe. Amma zaɓi ne da aka yi da hankali, bisa sanin hanya da sanin kaya.

Duk da haka, tuhumar da ake yi wa waɗannan motoci tana da tushe, kuma kare sana'ar ba zai yi ma'ana ba idan aka ɓoye ta. Ana biyan mai mota ne bisa yawan buhu. Motar da kamfani ya ƙera domin tan 10 tana ɗaukar buhu 100 na masara mai kilo 100. Idan mai ita ya ga zai iya ɗora 150 ko fiye, sai ya je wurin magini ya ce a ƙara wa bodi tsawo sama, a ƙara masa tsawo baya. Wani lokaci har a yanka shasin a yi masa ƙari da walda, a cusa wasu ganyayen sifirin domin kada ta zauna. A ido mota ta girma. Amma birkinta yana nan yadda yake, tayoyinta da aksil ɗinta ma haka. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zuwa zafi, kuma idan nauyi ya ƙaru da rabi, zafin da zai sha a gudu iri ɗaya ya ƙaru da rabi. A doguwar gangara sai ya yi zafi ya saki. Lodin da ya yi sama kuma yana ɗaga cibiyar nauyin motar, ta yadda kwanar da za ta sha lafiya da buhu 100 za ta iya kifar da ita da 150.

Mafi muni shi ne mutanen da ke zaune a saman lodin. Ɗan kasuwa yana bin kayansa, ɗan ƙwadago yana neman sauƙin kuɗin mota, mai zuwa cin kasuwa ba shi da wata motar da ke shiga ƙauyensu. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ƙananan motocin haya ya ƙara tura talaka saman buhu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi da kame a kan haɗa mutane da kaya da dabbobi a mota ɗaya. Gargaɗin daidai ne. Idan irin wannan mota ta faɗi, babu abin da ke tsakanin fasinja da kwalta, kuma buhunan da yake zaune a kansu su ne ke danne shi.

Sai dai a lura da inda laifin yake. Magini bai ƙirƙiri lodin wuce kima ba, biyan buƙatar mai mota ya yi. Babu wanda ya taɓa gaya masa nauyin da aksil ɗin wannan shasi zai iya ɗauka, ko iyakar tsawon da bodi zai wuce tayar baya, ko inda aka hana huda firam da ƙona shi da walda. Kamfanonin manyan motoci suna buga littattafan umarni na musamman domin maginan bodi, amma da Turanci suke, kuma ba sa biyo tsohuwar motar da aka sayo ta hannu na uku. Maginin ya koyi aikinsa ne da ido a wurin maigidansa, kuma abin da ido ke iya koyarwa ya iya shi sarai. Abin da ya rage masa lissafi ne, kuma lissafi abu ne da ake koyarwa cikin 'yan makonni.

Saboda haka gyaran yana farawa ne daga wani ƙaramin abu da maginan Ingila suka saba yi. Kowannensu yakan manna ɗan faranti mai ɗauke da sunansa a dokin ƙofar motar da ya gina, domin a san mai aikin, a yaba masa ko a zarge shi. Ya kamata kowane bodi da aka gina a Jihar Katsina ya ɗauki irin wannan faranti: sunan magini da garinsa, shekarar aiki, nauyin bodin, da adadin buhunan da motar za ta ɗauka, a rubuce da boko da ajami. Manomin Karfi da ke loda masararsa zai iya karantawa. Yaron mota zai iya karantawa. Fasinjan da ake cewa ya hau sama zai ga cewa motar ta riga ta cika. Sunan da aka rubuta a jikin aiki yana sa mai shi ya yi taka-tsantsan fiye da yadda tsoron tara ke sa shi.

Na biyu shi ne horo. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, tana da tsarin ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa bisa abin da suka riga suka iya, kuma an yi irin wannan yunƙuri da maƙeran Panteka a Kaduna. Babu abin da zai hana a yi wa maginan bodi na Funtuwa da Malumfashi haka, ta hannun kwalejojin fasaha na jiha. Darasin bai da yawa: rabon nauyi tsakanin gaba da baya, iyakar tsawo, yadda ake ɗaure bodi ba tare da raunata shasi ba, fitilu da madubin haske na baya. Hukumar tsara ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC, ita ce ya dace ta fitar da wannan ma'auni a ɗan littafi na Hausa mai zane, wanda za a iya rataye shi a rumfar aiki.

Na uku shi ne sikeli. A zamanin fuloti ba a sayen auduga sai an ɗora ta a ma'auni, kuma manoman yankin sun san darajar awo tun kakanni. Sikelin auna mota a ƙofar manyan kasuwannin hatsi ya fi shinge goma a hanya amfani, domin a wurin lodi ne ake iya sauke buhu, a tsakiyar daji kuwa sai dai a sasanta. Na huɗu, idan gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta sayi motocin kaya, ko tirelolin tarakta, ko motocin kwashe shara, ta sayi shasi ta ba maginan da suka sami shaida aikin bodi. Da tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024, buƙatar motocin da za su tattaro kaya daga ƙauyuka za ta ƙaru idan tashar ta kama aiki sosai, kuma babu dalilin da zai sa kuɗin wannan aiki ya fita daga yankin. Haka nan waɗannan magina za su iya gina motocin fasinja masu rufi da benci a kan shasin babbar mota, domin ranakun kasuwa, kamar yadda aka daɗe ana yi a Legas. Hana mutum hawa saman buhu ba zai yi tasiri ba sai an ba shi wurin zama.

Akwai mai cewa duk wata sabuwar doka a ƙasar nan sabuwar ƙofar karɓar na goro ce, kuma faranti zai zama wani abin da za a tsayar da direba a kansa. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Maganinsa shi ne a yi binciken sau ɗaya, a rumfar magini, ranar da mota za ta fita, a gaban wakilin ƙungiyar masu motoci da ta direbobi, kuma kuɗin rajistar ya zama kaɗan ƙwarai. Akwai kuma mai cewa zamani zai share sana'ar ko an so ko an ƙi, tunda motocin Sin suna zuwa da bodinsu. Wataƙila haka ne a kan manyan tituna. Amma motar da za ta shiga gonar da ke bayan Karfi a watan Nuwamba, ta bi hanyar da ruwan Agusta ya zaizaye, ta ɗauko buhu a farashin da manomi zai iya biya, har yanzu tsohon shasi ne da bodin gida. Kowace naira da aka ƙara a kuɗin dakon buhu daga aljihun manomi take fita, domin ɗan kasuwa yana cire ta ne daga farashin da zai saya.

A Ingila an adana katunan da ke nuna kowane shasin Rolls-Royce da maginin da aka kai wa shi, har mai bincike a yau zai iya gano wanda ya gina motar da ta shekara 90. A kudancin Katsina, motocin da suka kwashe audugar da ta gina Funtuwa sun ruɓe ba tare da an san hannun da ya haɗa su ba. Waɗanda ke aikin a yau suna nan da ransu, da zarto da injin walda, kuma kaka mai zuwa motocinsu ne za su sake fitar da masarar Karfi zuwa kasuwa. Abin da suke buƙata daga hukuma bai fi ma'auni da horo da izinin rubuta sunansu a jikin aikinsu ba.